Yadda A Ke Gwada Fuskar Manhaja, Da Yadda A Ke Nuna Aikin A Gaban Aji

'Yan'uwa ɗalibai, a jami'o'i da yawa inda a ke koyar da ilmin kwamfuta, akwai wani darasi wanda ya ke magana bisa sha'anin da ke tsakanin ɗan Adam da na'ura. Cikin darasin nan malami ya kan raba aji ƙungiya ƙungiya, mutum uku ko huɗu, ya ce kowace ƙungiya ta tsara fuskar wata manhaja, ta kai ta hannun mutane su gwada, sa'an nan a ƙarshen zango ta zo ta nuna wa aji abin da ta samo. Na ga ya kamata mu masu koyon aikin malanta mu san yadda a ke yin wannan, gama yaran da za mu koyar da waya su ke tashi, jarrabawar shiga jami'a ma da kwamfuta a ke yinta. Banda haka, wata rana mu ne shugaban makaranta zai kira ya ce, "Malam, ga manhaja an kawo talla, mu saya ko mu bari?" Wanda bai san yadda a ke gwadawa ba, sai ya amsa bisa ga kyan launi.

Da fari, mece ce fuskar manhaja? Manhaja dai ita ce jerin umurnin da a ke rubuta wa kwamfuta ko waya don ta yi wani aiki. Fuskarta kuwa ita ce abin da idonka ya ke gani, yatsanka ya ke taɓawa: maɓallai, da rubutu, da guraben da za ka sa suna ko lamba, da saƙon da ya kan fito in ka yi kuskure. Ka ɗauke ta kamar kanti. Ɗakin ajiya yana baya, ba ka shigarsa. Teburin da a ke ciniki bisansa shi ne naka, in kuwa teburin ya rikice, kome yawan kayan da ke ciki za ka fita hannu banza. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, watau ISO, ta fid da ƙa'ida cikin 1998, mai lamba 9241-11, ta kuma sabunta ta cikin 2018, inda ta ce abu uku a ke dubawa: ko mutum ya cim ma bukatarsa, da yawan wahala da lokacin da ya ɓatar, da kuma ko ransa ya kwanta da abin. Ta ƙara da cewa ba a auna wannan sai an faɗi irin mutanen, da irin aikin, da irin wurin. Watau ba a cewa abu yana da sauƙi haka kawai. Sauƙi ga wa?

To, ga inda wuyar ta ke. Wanda ya tsara abu ba ya iya ganin aibinsa, gwano ba ya jin warin jikinsa. Shi ya san inda ya sa kowane maɓalli, ya san dalili, idonsa yana zuwa can tun hannunsa bai motsa ba. Ba ya iya mayar da kansa baƙo. In kuwa wani ya kasa, abin da ya kan fara zuwa ransa shi ne mutumin nan ba shi da kai.

Haka aka daɗe ana zato a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai wani babban jirgin yaƙi da a ke kira B-17. Matuƙa gwanaye su kan sauko da shi lafiya, ƙafafunsa sun taɓa ƙasa yana gudu bisa fili, sai kawai ƙafafun su naɗe, jirgi ya yi rub da ciki. A rubuta cikin rahoto, kuskuren matuƙi. Wajen 1943 wani ƙaramin hafsa, masanin halayyar ɗan Adam, mai suna Alphonse Chapanis, ya shiga mazaunin matuƙi ya duba. Sai ya tarar makunnin naɗe ƙafafu da makunnin ɗaga 'yan faifan bayan fiffike, waɗanda a ke saukewa wajen sauka, suna kusa da juna, kuma kamarsu ɗaya. Mutum ya dawo daga doguwar tafiya a gajiye, idonsa yana bisa fili, ya miƙa hannu zai ɗaga faifan, sai ya kama na ƙafafu. Chapanis bai ce a ƙara wa matuƙa horo ba. Ya sa aka liƙa wata 'yar taya ta roba bisa makunnin ƙafafu, aka sa wani abu mai siffar faifan bisa ɗayan, don hannu ya gane ko ido bai duba ba. Irin haɗarin nan ya kau. Har yau in ka shiga gaban jirgin fasinja, kan sandar ƙafafu siffar taya gare shi.

Ga wani labari kuma mai ban dariya, daga kamfanin Apple. Kafin kwamfutarsu mai suna Lisa ta fito kasuwa cikin 1983, Larry Tesler da abokan aikinsa sun riƙa kawo mutanen da ba su taɓa ganinta ba, su zaunar da su, su zuba musu ido. In kwamfutar tana neman izini ta kan nuna maɓalli biyu, ɗaya na fasawa, ɗaya an rubuta Do It bisansa, watau "yi shi". Sai aka ga waɗansu suna ta danna na fasawa, alhali so su ke a yi. Da aka tambayi ɗaya daga cikinsu, ashe ransa ne ya ɓaci. Haruffan sun matsu, babban I ya yi kama da ƙaramin l, shi kuwa ya karanta Dolt, wanda ma'anarsa da Turanci ita ce dolo. Ya zaci na'ura tana zaginsa! Aka sāke rubutun ya zama OK. Gwanayen da suka tsara abin sun dubi kalmar nan sau ba iyaka, ba wanda ya ga zagi cikinta, domin sun riga sun san abin da suka rubuta.

Yanzu bari mu bi aikin ɗalibai daki daki. A ce wata ƙungiya ta zaɓi manhajar waya wadda iyaye za su duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu da ita, su biya kuɗin makaranta, su aika wa malamin aji saƙo.

Ƙungiya mai hankali ba ta fara da kwamfuta. Takarda ta kan samu, da almakashi da alƙalami. A yanka takarda daidai girman waya, a zana kowane shafi bisa guda. Ɗalibi ɗaya ya zama shi ne na'urar: in mai gwaji ya taɓa hoton maɓalli da yatsa, sai ya ɗauke wannan takarda ya aza wadda ta ke biye. Kada ka raina wannan, ka ce wasan yara ne. Amfaninsa biyu. Abin da aka zana cikin minti biyar ba a jin ciwon yaga shi, amma abin da aka kwana bakwai ana ginawa, mai shi zai kare shi ko da ya ga ya karkace. Na biyu, mutane sun fi sakin baki su kushe zanen alƙalami, domin sun ga ba a gama ba. In ka kawo musu abu mai sheƙi, sai su ji nauyin wahalar da ka sha. Daga baya a kan mai da zanen cikin manhajar zane irin su Figma, inda a ke haɗa shafi da shafi har su dannu bisa waya kamar gaske.

Sa'an nan a rubuta ayyukan da za a ba masu gwaji, uku ko biyar sun isa. Nan ɗalibai da yawa su ke tuntuɓe. Su kan rubuta, "Danna maɓallin Sakamako ka duba maki." Ai wannan ka ba da amsa cikin tambaya ke nan, kamar malamin da ya tambayi yara, "Babban birnin Nijeriya Abuja ne, ko ba haka ba?" su amsa baki ɗaya, ya tafi yana murna ya koyar. Abin da ya kamata a ce shi ne, "An yi hutu. 'Yarka tana aji biyar, kana so ka sani ko ta ci lissafi. Nuna mini yadda za ka yi." Ba a ambaci sunan maɓalli ko ɗaya ba. An ba shi bukata, an bar masa neman hanya.

Wa za a gwada da shi? Ba 'yan ajinku ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, ita ce kuma mafi cuta. Ɗalibin kwamfuta ya ga manhaja ɗari, ya san layuka uku a kusurwa suna ɓoye jerin zaɓi, ya san hoton gilashin ƙara girma yana nufin nema. Mahaifin da ya ke sayar da goro a kasuwa, wanda ba ya yin kome da waya sai kira da sauraron saƙon murya, ba lalle ne ya san wannan ba, shi ne kuwa aka tsara abin dominsa. Sai ku fita ku nemi iyaye na gaske: mai gadin ɗakin kwana, da mai sayar da abinci a bakin ƙofa, da tela, da ma'aikaciyar ofis. A samu mai karatu sosai da mai karatu da ƙyar, a samu wanda idonsa ya fara rauni. In da hali a yi gwajin bisa irin wayar da su ke riƙewa, mai ƙaramin allo, wata ma da tsagar gilashi, ba bisa babbar wayar shugaban ƙungiya ba.

Ranar gwaji mutum uku su ke aiki. Ɗaya shi ne mai jagora, shi kaɗai ya ke magana da baƙo. Ɗaya yana rubutu, yana duban agogo. Na uku shi ne na'ura in takarda ce, ko mai ɗaukar hoton hannu in waya ce. Kafin a fara, mai jagora ya gaisa yadda ya kamata, ya nemi izini a fili, balle in za a ɗauki murya ko hoto. Wannan ladabi ne, doka ce kuma, gama Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane cikin 2023. A rahoto ba a sa sunan kowa, sai mai gwaji na ɗaya, na biyu. Sa'an nan ya ce wani abu kamar haka: "Baba, ba kai mu ke jarrabawa ba, abin nan da muka zana shi mu ke jarrabawa. Duk inda ka tsaya, laifinsa ne, mu kuwa abin da mu ke nema ke nan. In ka gaji ka ce a bari." Ya kuma roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da ya ke aiki: me ya ke nema, me ya ke zaton zai faru in ya taɓa nan. Wannan dabara ta yin tunani a fili daga masanan halayyar ɗan Adam aka aro ta, Clayton Lewis na kamfanin IBM ya bayyana yadda za a yi amfani da ita wajen tsara fuskar manhaja cikin 1982.

To, daga nan sai aiki mafi wuya duka, watau yin shiru.

Mu da a ke horar da mu mu zama malamai, wannan zai fi mana zafi. An koya mana in yaro ya kakare mu taimake shi. A nan kuwa taimako ɓarna ne. Ka ga dattijo ya zuba wa allo ido, maɓallin da ya ke nema yana gaban hancinsa, yatsansa ya bi ta kansa sau biyu bai tsaya ba. Bakinka yana ƙaiƙayi. In ka ce, "Ga shi nan, Baba," ka huta, shi ma ya huta, amma ka jefar da abin da ka zo nema. Ran da manhajar ta fita, ba za ka kasance tsaye bayan kowane uba kana nuna masa da yatsa ba. Sai ka haɗiye maganarka. In ya juyo ya ce, "Ɗana, nan zan taɓa?" ka ce, "Kai me ka ke gani, Baba? In da kana gida kai kaɗai, ina za ka taɓa?" In ya yi shiru ya daɗe, ka ce, "Me ka ke nema yanzu?" Iyakarta ke nan. Kada ka gyaɗa kai in ya yi daidai, kada ka ja numfashi in ya ɓata, gama mutane suna karanta fuskar mai jagora fiye da yadda su ke karanta fuskar manhaja. Amma fa kada shirun ya zama azaba. In ka ga gumi ya fara karyo masa, ko ya soma cewa shi dama bai iya irin waɗannan abubuwa ba, ka tsai da aikin, ka gode masa, ka ce ya nuna muku babban aibi, a rubuta "bai gama ba", a wuce na gaba.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman, shi ne kara. Mutanenmu ba sa son kunyata wanda ya zo musu da abu cikin ladabi. Uwa za ta yi minti shida tana fama ba ta sami wurin biyan kuɗi ba, in ka tambaye ta a ƙarshe, "Inna, yaya kika gani?" sai ta ce, "Ai ya yi kyau ƙwarai, Allah ya yi muku albarka." Ba ƙarya ta yi ba, albarka ta sa muku don ƙoƙarinku. Amma in kuka rubuta cikin rahoto cewa ta ji daɗin manhajar, ku ne kuka yi ƙarya. Domin wannan, abin da hannu ya yi ya fi abin da baki ya faɗa nauyi. Mai rubutu ya sa abin da ya gani tsurarsa: ta taɓa hoton ambulan sau uku, ta koma shafin farko, ta ce ina kuɗin ya ke. Kada ya rubuta "ta rikice", wannan fassara ce, a bar ta sai an zauna.

Mutum nawa za a gwada? Amsar da za ku ji ko'ina ita ce biyar, yana da kyau ku san inda ta fito, domin malamin jami'a zai tambaya. Jakob Nielsen da Thomas Landauer sun tattara sakamakon gwaje-gwaje cikin 1993, suka ga a tsakaice mutum ɗaya ya kan tono kashi 31 cikin ɗari na aibobin da ke cikin fuska. Nielsen ya yaɗa maganar cikin 2000. Ku ɗauko alli mu yi lissafin. A ce aibi 100 ne. Na farko ya tono 31, saura 69. Na biyu shi ma zai ci karo da kashi 31, amma waɗansu an riga an gani, sabbin da zai kawo kashi 31 ne na 69, watau 21, saura 48. Na uku ya kawo 15, saura 33. Na huɗu 10, saura 23. Na biyar 7, saura 16. Ka ga mutum biyar sun tono wajen 84 ko 85, kuma kowane sabon mutum abin da ya ke ƙarawa yana raguwa. Shawarar Nielsen ita ce, in kana da halin mutum goma sha biyar, kada ka ƙare su a zama ɗaya. Gwada biyar, ka gyara, ka gwada biyar, ka gyara, ka sāke gwada biyar.

Sai dai wannan matsakaici ne, ba alkawari ba. Laura Faulkner ta gwada mutum 60 cikin wani bincike da aka buga a 2003, sa'an nan ta riƙa ɗibar biyar biyar daga cikinsu ba zaɓe. Waɗansu biyar ɗin sun tono kashi 99, waɗansu kuwa 55 kaɗai. Da ta ɗebi goma goma, mafi ƙanƙanta ya kai 80, da ashirin ashirin ya kai 95. Kuma lissafin biyar ɗin na mutane iri ɗaya ne. In manhajarku ta iyaye ce da malamai, taro biyu ke nan, kowanne da nasa masu gwaji.

Waɗansu malamai su kan bukaci a ba masu gwaji wata takardar tambayoyi a ƙarshe, wadda a ke kira SUS. John Brooke ya shirya ta cikin 1986 yana aiki a kamfanin Digital Equipment a Ingila. Jimloli goma ne, ɗaya ta yabo, ɗaya ta kushe, bi da bi, mutum ya zaɓi daga 1 zuwa 5 gwargwadon yardarsa. A jimlolin yabo a kan cire 1 daga abin da ya zaɓa, a na kushe a cire abin da ya zaɓa daga 5, a tara duka a ninka da 2.5, sai a sami maki tsakanin 0 da 100. Matsakaicin da aka samu daga ɗaruruwan gwaje-gwaje wajen 68 ne. Saboda haka wanda ya sami 60 kada ya yi tsalle ya ce ya ci, yana ƙasa da tsaka. Ni dai a ganina, ga mutum biyar, kuma masu kara, lambar nan ado ce. A kawo ta in an nema, amma kada a jingina da ita.

Da an gama, ƙungiya ta zauna tun abin yana da ɗumi, ran nan ko kashegari. A rubuta kowane aibi bisa 'yar takarda, a tara masu kama da juna. Za ku ga sun yi yawa, ba kuwa za ku iya gyara duka ba. A tambayi kowanne tambaya biyu: mutum nawa ya kama, kuma ya hana su gamawa ne ko jinkiri kaɗai ya sa? Abin da ya hana mutum uku biyan kuɗi ya riga launin da mutum ɗaya ya ce bai yi masa ba. Gyaran ma kada ya zama ƙarin bayani. Ɗalibai suna son su liƙa dogon rubutu a sama, "Don biyan kuɗi, danna nan." Ba mai karantawa. In mutane sun nemi abu a wani wuri, a kai shi can. In sun kira shi da wani suna, a sa masa sunan. In sun kasa gane hoto, a rubuta kalma ƙarƙashinsa. Kada kuma a dogara ga ja da kore kaɗai don nuna ci da faɗuwa, gama akwai mutane, galibinsu maza, da ba sa bambanta su.

Muna da misalin gyara irin wannan a gida. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta cikin 2013, ta mai da ita duka haka cikin 2015. Yara da yawa, musamman na ƙauye, sun san darasinsu, amma ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, wanda waɗansu ke kira ɓera. Cikin 2017 hukumar ta kawo tsarin maɓallai takwas: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don ta baya, S don miƙa aiki, R don komawa. Yaro ya iya gama jarrabawa bai taɓa linzami ba. Irin tayar robar Chapanis ke nan.

Bayan gyara sai zagaye na biyu da sababbin mutane, gama na farko sun riga sun koyi hanya. In an kai ga manhaja mai aiki, nan ne za a ga aibobin da takarda ba ta nunawa. Gurbin suna ya karɓi Asma'u da Sa'adatu, ko alamar nan ta tsakiya ta sa ya ƙi? Ya karɓi Ɗanladi da ɗ mai lanƙwasa? In intanet ta yanke ana tsakiyar biya, me uba zai gani, kuma yaya zai san ko kuɗinsa sun tafi?

Saura ranar nuni. Galibi a kan ba kowace ƙungiya minti goma ko goma sha biyar, da majigi, da 'yan mintoci na tambayoyi. Yawancin ƙungiyoyi su kan cinye lokacin suna yawo da aji cikin shafuffuka: ga shafin shiga, ga tambarinmu, mun zaɓi shuɗi domin yana kwantar da rai. Kafin su kai ga gwaji an buga ƙararrawa. Malami kuwa ba kyan zane ya zo gani ba. So ya ke ya ga ko kun iya kallon mutum yana fama da aikinku, ku fahimci dalili, ku sāke.

Saboda haka ku fara da mutumin da bukatarsa, cikin minti ɗaya: uba ne mai 'ya'ya uku, makaranta tana nesa, sakamako ya kan ɓace a jakar yaro. Ku nuna zanen farko a gurguje. Sa'an nan ku zauna bisa aibi biyu ko uku mafiya girma, nan za ku kashe rabin lokacinku. Gani ya kori ji. In kuna da izini, ku nuna hoton bidiyo na rabin minti, hannu kaɗai ba fuska, yatsa yana yawo yana neman wurin biya. Aji zai yi tsit, ba jawabin da zai yi wannan aiki. Ku aza tsohon shafi da sabo kafaɗa da kafaɗa, ku zagaye abin da ya sāke, ku faɗi abin da ya faru a zagaye na biyu. Wajen lamba ku faɗi gaskiyarta: "uku cikin biyar sun kasa, bayan gyara ɗaya cikin biyar." Kada ku ce kashi 60 cikin ɗari, domin wannan yana sa mai ji ya zaci taro kuka gwada. Kada kuma ku ɓoye abin da bai gyaru ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, malamin da ya duba irin aikin nan shekara da shekaru in ya ji an ce kowa ya gama kome ba tuntuɓe, ya san ko abokai aka gwada, ko an yi ta nuna musu da yatsa.

Ƙananan abubuwa ma suna cin maki. Rubutun majigi ya zama manya, kaɗan, wanda na bayan aji zai karanta. Kada mai magana ya juya wa mutane ƙeya yana karanta bango. In za ku danna manhajar a gaban aji, ku riƙe bidiyonta da hotunanta a ajiye, har da kwafi bisa takarda, gama wuta da intanet ba su san ranar jarrabawar kowa ba. Ku raba magana tun da wuri, kowa ya san inda zai karɓa, ku yi gwajin jawabin da agogo a gaban wani wanda bai san aikin ba, ku tambaye shi abin da ya gane.

Tambayoyin da su kan biyo baya sanannu ne, sai ku shirya musu. Me ya sa mutum biyar? Ku kawo lissafin Nielsen, ku kawo na Faulkner tare da shi. Su wane ne, ina kuka same su? Wane aibi kuka gani kuka bari, don me? In wani ɗan aji ya ce shi da ya sa maɓallin a hagu, kada ku shiga gardamar ra'ayi, ku faɗi abin da masu gwaji suka yi da shi a inda ya ke, in kuwa ba ku gwada hagu ba ku ce zai shiga zagaye na gaba. Ku zo da takardun zanen farko, da jerin ayyukan da kuka bayar, da takardun izini, da littafin mai rubutu, a ajiye su bisa tebur, domin malami ya kan so ya buɗa ya gani da idonsa kafin ya sa maki.